Ƙwanƙwasa Daga Cikin Kifaffen Jirgi

Duk wanda ya taɓa bi ta bakin kwata, inda jiragen ruwa ke tsayawa, a Yelwan Yauri ya san rumfar Alhaji Maikuɗi, ko da bai san sunan mai ita ba. Hanci ne ke fara sanar da mutum, don warin gam ɗin da suke zuba jiragen faiba, wato na zaren gilashi, da shi yakan taro ka tun daga wajen masu bandar kifi. Sai kunne ya biyo baya. Shekara da shekaru janareton rumfar nan bai san hutu ba, daga hantsi har faɗuwar rana yana ta ɓaɓatu, har matan da ke tallar fura a gefen suka saba ciniki da ihu. Wanda ke jan igiyarsa kullum shi ne Andarawus, babban ma'aikacin rumfar, kuma ba don aiki kaɗai yake ja ba.

Andarawus Bakambare ne, daga wani ƙauye a tudun Ngaski. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ga ƙarancin magana, in ka gaishe shi ya amsa maka da ka to ka gode Allah. Ubansa manomin dawa ne da bai yarda ruwa na da wani amfani ba bayan sha da wanka. Amma ɗan ya sauko Wara, a bakin tafkin Kainji, yana saurayi, ya ga yadda ake haɗa jirgin katako, ƙafarsa ta ƙi komawa tudu. Ya koyi riƙon gizago, ya koyi lanƙwasa katako da wuta, ya koyi cusa auduga da kwalta a tsakanin alluna. Kafin gemunsa ya cika, masu jigila sun fara cewa jirgin da Andarawus ya haɗa ko allura ba ta samun hanyar shiga.

A nan kwatar Wara ya haɗu da Marta, mai sayar da kunun tsamiya, 'yar ƙauyen da ke maƙwabtaka da nasu. Mace ce mai baki, in tana ciniki sai ka ce faɗa take yi, amma tun da aka ɗaura musu aure a coci ba a taɓa jin sunan mijinta a bakinta ba. Kunya ce irin ta mutanen da, ta ɗauke ta ta riƙe da hannu biyu. In ta kawo masa abincin rana ta tarar yana ƙarƙashin jirgin da aka kife yana toshe kafa, ba ta kira. Sai ta ɗauki ludayinta ta ƙwanƙwasa bayan jirgin, ta ja gefe ta tsaya. Abokan aikinsa har sun mai da abin waƙa, da sun hango ta sai su ce, "Andarawus, hito, ludayi na kira." Shi ma bai taɓa ce mata Marta a gaban mutane ba, uwar Rahila yake cewa, da sunan 'yarsu tilo.

Wata ranar kasuwa, ƙarshen damina, tafki ya cika ya batse, Marta ta ƙetara sayen tsamiya. Da hantsi suka juyo a wani babban jirgi na katakon madaci, wanda Andarawus ya haɗa da hannunsa. An loda shi yadda aka saba lodawa, buhunan shinkafa, babura, awaki, mutane a kan kaya. Wanda ya san Kainji ya san ba ruwa ne kawai ba. Akwai kurmi a ƙarƙashinsa, itatuwan da ruwa ya ci tun lokacin da aka datse kogi, suna nan tsaye ba su ruɓe ba. Jirgin ya hau kan kututture, ya karkata, kaya suka zube gefe guda, ya kife. Daga kwata ana hangen abin.

Andarawus na cikin waɗanda suka fara isa, da gatari a hannu. Ya haye bayan jirgin, ruwa na lilo da shi. A nan ya ji ana ƙwanƙwasawa daga ciki. Akwai mutane a ƙarƙashi, sun sami 'yar iskar da ta maƙale a cikin jirgin, suna bugu. Ya ɗaga gatari ya sara, ya sake sara, katakon ya ƙi. Shi ya zaɓi madacin nan, shi ya ƙi yarda a rage masa kauri da mai jirgin ya nemi a rage. Masu nutso na Sarkawa suna shiga suna fitowa da wanda Allah ya sa suka laluba, maza suka taru a kwale-kwale suna ƙoƙarin ɗaga gefe, amma wa zai ɗaga wannan uban nauyi a kan ruwa? Bugun ya riƙa ja da baya, ya riƙa yin nisa tsakani, har ya tsaya. Da yamma aka fito da Marta daga ƙarƙashin jirgin.

Mutane sun yi ta ba shi haƙuri, suna cewa ba wanda ya san ko wane ne ke bugun, mutum nawa ne a ciki. Bai yi musu da kowa ba. Shi dai ya san hannun.

Daga ranar bai sake riƙe gizago ba. Ya kai Rahila wajen yayarsa, ya yi noma bai ji daɗinsa ba, ya yi dako, ya yi gadi. Ana nan sai ya ji Alhaji Maikuɗi ya buɗe rumfar jiragen faiba a Yelwa, jiragen da aka ce ko sun cika da ruwa ba sa nutsewa, don ana rufe musu ɗakin iska gaba da baya. Ya zo ya tsaya yana kallo. Akwai wani kwarin jirgi da suke kira uwa, a cikinsa ake zuba sabon jirgi. A shafe cikinta da mai, a shimfiɗa tabarmar zaren gilashi, a jiƙa ta da gam, a bi da abin murzawa a kori iska, a ƙara wata tabarmar a kai. In ya bushe a zare shi daga uwa, a kife shi, a gyara baki. Ba ƙusa, ba kwalta, sai ƙaiƙayin da ke bin mutum har gida. Andarawus ya ce zai iya, Alhaji ya dubi hannuwansa ya ce ya fara gobe.

A makon farko abin ya same shi. Azahar ta yi, aka kashe janareto, duk ma'aikata suka tafi masallaci. Shi kaɗai ne Kirista a rumfar, aka bar shi da sabon jirgi a kife a kan tayoyi. Yana wanke hannu sai ya ji ƙwas, ƙwas, daga cikin jirgin. Ya tsaya cak, ya ji an sake. Bai leƙa ba, bai gudu ba, ya nufi janareto ya ja igiya da ƙarfin da ya kusa tsinka ta, ya ɗauki injin gurza ya kama gurzar wurin da ba ya bukatar gurza. Da suka dawo suka same shi fari fat da ƙura, Alhaji har yana yaba masa, wai ga mutumin da ba ya wasa da aiki.

Haka ya rayu shekaru. Kullum yana da abin gurzawa. In ba shi, ya ƙirƙiro. Yakan bar bakin jirgi ya bushe ƙam da gangan don a daɗe ana yanka da inji. Fitilun da ake kunna wa gam don ya yi saurin kamawa, shi ke cewa a bar su, ko da rana na dukan kwano kamar ta tsaga shi. Ran Lahadi a coci, kusa da masu ganga yake zama, tsofaffi na mamakin dattijon da ke son hayaniya haka. Aikin nan shi ne kaɗai abin da ya rage masa a duniya da yake tashi dominsa, don Rahila ta yi aure a Shanga. Kuma aikin ba ya yiwuwa gare shi sai da ƙara.

Sai fetur ya yi tashin da kowa ya sani. Masu jigila suka rage saye, janareto kuwa bai rage sha ba. A daidai lokacin Zuliha, 'yar Alhaji ta biyu, ta gama karatun injiniya ta dawo gida. Ba ta zo da surutu ba. Ta sami wata tsohuwar durom ta zauna a kai, ta yi kwanaki tana kallonsu kawai, har Ɗangana, mai dama gam, ya fara tsarguwa yana tambaya ko laifi suka yi. Ta ga ana dama gam cike da bokiti, rabi ya daskare a zubar. Ta ga almakashi na can ƙuryar rumfa, tabarma na nan bakin ƙofa, mutum na yini yana safa da marwa. Ta ga jirage a jere da ba wanda ya ce a yi masa, rana na cinsu. Ta kuma ga janareto na ci gaba da kuka ko da ba abin da ke jone da shi.

Ran da ta buɗe baki, a gaban kowa ta yi, cikin ladabi. Ta ce daga yanzu ba za a zuba jirgi ba sai an zo an nema. Gam a dama shi kaɗan-kaɗan, daidai abin da hannu zai shafe kafin ya kama. Kayan aiki su dawo kusa da uwa. A yi shimfiɗa da sanyin safe, a tura jirgi waje rana ta busar da shi, ita ba ta shan fetur. Baki kuma a yanke shi da wuƙa tun gam na da taushi, kafin ya zama dutse. Duk abin da ya rage na inji a tara shi wuri guda, a tayar da janareto bayan la'asar, a gama, a kashe.

Andarawus, wanda ba a saba jin muryarsa ba, shi ya fara magana. "Ɗiyar Alhaji, aikin ga ba a yin shi shiru."

"Don mi, Baba?"

Ya ce wuƙa ba ta yanka daidai. Ta ɗauki wuƙa ta bi bakin wani ƙaramin jirgi da aka shafe da safe, ya fita sumul kamar an yanka fata. Ya ce damina fa? Ta ce in damina ta zo a kunna fitilu ranar da hadari ya rufe, ba kullum ba. Duk ƙofar da ya nufa sai ya tarar ta riga shi can, kuma abin haushin, gaskiya ce da ita. Alhaji ya gyara zama ya ce, "Andarawus, kai ka san ba ni ƙi maka magana. Amma ko injin ga shi kwanta, ko rumfa ta kwanta. Babu na ukku."

Kwana biyu ya daure. Rumfar ta yi tsit, har ana jin kukan tsuntsayen bakin ruwa da muryar masu fura, waɗanda suka ci gaba da ihu don sabo. Da safe da sauƙi, akwai ƙarar almakashi da hirar Ɗangana. Azahar ce masifa. Da sun ɗauki butoci sai bugun ya fara. Zuliha ta kawo masa 'yar rediyo, a zatonta kaɗaici ne ke damunsa, amma mai magana a rediyo yakan tsaya ya ja numfashi, kuma a wannan ɗan tsakanin ake bugun. A rana ta uku ya rataye rigar aikinsa a ƙusa ya tafi gida, bai yi wa kowa sallama ba.

Ya yi kusan mako a zaune a ƙofar ɗakin da yake haya, yana kallon kaji. A gida ba a ƙwanƙwasawa, gaskiya ne, amma ba a komai ma. Hannuwansa suka rasa inda za su sa kansu. Ya ji tsufa ya sauko masa a lokaci guda, ya kuma ji tsoro, don ya gane in ya bar rumfar nan ba sauran inda za shi.

Da hantsin wata Talata sai ga Zuliha ta yi sallama. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ƙi hawa kujerar da ya miƙa mata, ta zauna a bakin tabarma.

"Baba, Alhaji ya hwaɗa min abin da yaf faru Wara. Wallahi ban sani ba. Ka yahe ni."

"Ba ki yi min komi ba, ɗiyata."

Ta ce, "In na ce maka zan tada injin nan yini guda, ƙarya ni kai. Ba mu iyawa." Ya gaya mata abin da yake ji da azahar, ta ce akwai abin da ta sani game da bugun. Gam in yana bushewa a rana yakan motsa, jikin jirgi ya yi ƙas-ƙas shi kaɗai.

"Na sani," in ji shi. "Tun ba a haihe ki ba katako ma na yin haka nan. Wanga daban na."

Ba ta ja da shi ba. Ta gaya masa abin da ya kawo ta. Wasu mata 'yan kasuwar Wara sun haɗa kai sun sa a zuba musu jirgi nasu na kansu, sun gaji da hawa na lodi. An zare shi daga uwa jiya. Kafin a shafa masa fenti dole a bi bayansa kaf ana ƙwanƙwasawa, don inda iska ta ɓuya tsakanin tabarma da tabarma ba ya amsawa kamar sauran, kuma nan ne ke buɗewa ran da jirgi ya daki kututture. A da ba a yi, wa zai ji da ƙarar janareto? Sai jirgi ya dawo da rauni a yi ta faci. Ita ta gwada, ta san yadda ake yi, amma kunnenta bai faye rarrabewa ba. Ɗangana kuwa janareto ya riga ya cinye masa kunne ɗaya.

"Matan Wara," in ji Andarawus.

"Su na, Baba."

Shekarun nan duka inji bai kashe masa kunne ba, ko da yake abin da ya so ke nan. Washegari ya koma. Jirgin na waje a kife, an ɗora gefensa ɗaya a kan taya, rana na dukansa. Ya tsaya a kansa ya daɗe, gumi na bin bayansa. Sannan ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa. Tun ranar Wara bai taɓa buga bayan jirgi ba. Ya ci gaba, taki bayan taki, daga gaba ya nufi baya. Jirgin na amsawa garau. Can wajen ciki, kusa da ƙasa, ya ji wani wuri ya amsa a dushe. Ya zana masa gawayi. Yana cikin haka aka kira salla, kafin ya ɗago sun watse.

Shiru ya sauka. Sai ga shi, ƙwas, ƙwas, daga ciki.

Ya waiwaya wajen janareto. Yana nan a rufe da buhu, taku kaɗan ne tsakaninsu, kuma ba mai hana shi. Ya dubi zanen gawayin. Wurin nan sai an duba shi ta ciki kafin a san zurfinsa, kuma matan Wara ne za su zauna a kansa da ludayansu da 'ya'yansu. Ya durƙusa, ya kwanta rubda ciki, ya ja jiki ta ƙarƙashin gefen da ke ɗage. Ƙafarsa ta taɓa tayar, ta zame, jirgin ya sauko ya rufe shi ruf.

Ya runtse ido yana jiran duhu. Shekara da shekaru duhun nan yake gani, shi ne abin da ya fi ci masa rai, cewa a cikin duhu Marta ta yi ta bugu. Da ya buɗe ido sai ya ga haske. Jirgin da ba a yi wa fenti ba rana na ratsa shi, ko'ina ya yi ruwan zuma, har yana ganin zaren tabarma ɗaya-ɗaya da inuwar zanen gawayinsa. Ga zafi, ga warin gam, numfashinsa na dawo masa a kunne. Ba kowa a ciki sai shi. Ya kwanta a inda ya daɗe yana ganin ta, ya ji kewarta ta taso masa ɗanya shar, kamar jiya aka yi.

Bai san lokacin da hannunsa ya tashi ba. Ya ƙwanƙwasa, irin bugun da ya sani, na ludayi.

"Wa ac ciki?" Muryar Zuliha ce, ta fito daga ɗan ofishin da take salla. "Baba? Kai na? Ɗangana, zaka maza!"

Daidai lokacin masu salla ke dawowa. Andarawus ya ji gudu, ya ga inuwar yatsu sun kama baki. Jirgin ya tashi sama, iska ta shigo, ga Zuliha da Ɗangana riƙe da shi, ko nishi ba sa yi. Andarawus ya tashi zaune a cikin ƙura yana kallonsu.

"Haka nan kawai?" ya ce. "Da hannu?"

"Ai ba shi da nauyi, Baba," in ji Zuliha.

Sai ya fashe da kuka, kuka na sosai, irin wanda bai yi ba ko a bakin kabari. Ɗangana ya kau da kai. Ba wanda ya ce masa ya yi haƙuri, suka dai ci gaba da riƙe jirgin a sama har ya gama.

An fafe wurin da ya zana, aka sake shafe shi, matan Wara suka zo suka tafi da jirginsu da guɗa. Rumfar Alhaji Maikuɗi ba ta kwanta ba. Yanzu in ka bi ta kwata da safe ba abin da za ka ji sai almakashi da tsegumin Ɗangana, janareto na barci a ƙarƙashin buhunsa sai bayan la'asar. Kowane jirgi kuma sai Andarawus ya bi shi da yatsa kafin ya ga fenti.

Kada wani ya ce maka bugun ya daina. Bai daina ba. Da azahar, in sun ɗauki butoci sun bar shi da jirgi a kife, yakan ji. Sai ya ajiye almakashi, ya goge hannu a riga, ya je ya sa kafaɗa ya ɗaga gefen jirgin, shi kaɗai, ya riƙe.

"Na ji ki, uwar Rahila," yakan ce. "Ga shi na ɗaga."

Yakan ba ta lokaci ta fito a tsanake, sannan ya sauke.